Awon da ke kan aljihun Baba

Ni na jawo wa kaina, ba wanda ya aike ni. Ranar da aka saki sabuwar babbar manhajar nan, wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, na ɗora ta a kan tawa, na ga yadda take gudu, sai kaina ya kumbura. Na ce wallahi sai Baba ma ya ɗanɗana.

Baba tela ne, shekara arba'in da ɗoriya a shago ɗaya. Keke biyu, dogon teburin yanka, dutsen guga, sai tsohuwar kwamfutar da na ba shi don ya daina rubuta awon mutane a bayan kwalin sabulu. Ni kuwa malamar kwamfuta ce a makaranta, shi ya sa idan yana son tsokanata yake ce mini Injiniya.

Fuskar kwamfutar nan tasa abin takaici ce. Hotonmu na gida ne a kai, wanda aka ɗauka a ƙofar gida tun Mama na da rai: Baba da Mama a tsakiya, ni da Yaya a gefe, Kawu da tumbinsa, Gwaggo tana harara. To a kan hoton nan Baba ya watsa fayil tamanin da uku. Wasu a kan tumbin Kawu sun yi tsibi, wasu a wuyan Yaya, wasu a goshina. Guda ɗaya kuma shi kaɗai a kan aljihun rigar Baba. Kullum na gani sai na ce, "Baba, wannan wace irin ƙazanta ce?" Shi kuwa sai ya ce, "Ƙazantata ce, bar mini."

Akwai kuma wata magana a ƙasa. Shekara guda ke nan Yaya yana matsa wa Baba ya rufe shago ya huta, wai ya tsufa, ya fara mantuwa. Da ya ishe shi, Baba ya ɗauki alkawari a gabanmu: duk ranar da ya ɓata wa mutum yadi saboda mantuwa, da hannunsa zai miƙa wa Yaya makulli. Baba kuwa ba ya saɓa alkawari. Shagon nan kuma, tun rasuwar Mama, shi ne abin da ke fitar da shi daga gida da safe.

Ranar Asabar da hantsi na zo da filash ɗina, ɗan abin nan na adana fayiloli. Na kwashe fayilolinsa kaf, har da hoton, na goge tsohuwar manhajar na fara ɗora sabuwa. Baba yana guga yana leƙe.

"Me take cewa?"

"Ta ce mu ɗan jira, Baba."

"Tun ɗazu take faɗin haka. Ashe ita ma tela ce."

Da ta gama, gaskiya ta burge ni. Kwamfutar da a da sai ka kunna ta ka je ka sha ruwa ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe. Komai sumul, gefen akwatunan nan a lanƙwashe, launi mai sanyi. Ta tambayi sunan Baba, ta tambayi inda yake, ta tambayi ko yana so ta san fuskarsa. Baba ya ce ko surukansa ba su yi masa tambaya haka ba. Da ya ga maɓallin farawa ya koma tsakiya, ya ce to, ita ma ta samu ci gaba, ta bar lungu. Ya shafa gefen allon ya ce ɗinkin ya yi kyau, ba zare a waje.

Ina jin daɗi, na mayar da fayilolinsa. Nan take manhajar ta jera su layi-layi, tsaf, kamar ɗalibai a filin taro. Na juya masa allon ina jiran yabo.

Baba ya ajiye dutsen guga. "Ina Kawunki?"

"Hoton? Yanzu zan mayar."

"Ba hoton ba. Mutanen da ke kan tumbinsa fa?"

Na duba sunayen fayilolin: Awo, Awo 2, Awo 3, har Awo 83. Na buɗe ɗaya, lambobi ne zalla. Kafaɗa kaza, hannu kaza, ciki kaza. Ba suna, ba lambar waya. Ashe Baba bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Duk wanda ya zo awo, sai ya dube shi ya ga wa ya yi kama da shi a gidanmu, ya ɗora fayil ɗinsa a kan mutumin. Masu tumbi kan Kawu, dogaye kan Yaya, masu ƙorafi kan Gwaggo, masu rawar kai a goshina. Abin da na shekara shida ina kira ƙazanta, shi ne littafinsa. Ni kuma na share shi da safiyar Allah, ina murmushi.

"Yau zan yanka yadin Direba," in ji Baba, yana nuna wani farin yadi a kan tebur. "Ya tafi da babbar mota, sai Juma'a zai dawo ya karɓa. A kunnen Kawunki yake zama."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Kuma kamar an kira shi, sai ga Yaya ya shigo da ledar magungunan Baba. Ya dube ni, ya dubi allon, ya ji bayani. Bai yi dariya ba, amma na ga bakinsa yana motsi.

"Baba, ka gani ko? Ni ba na ce komai ba. Amma in ka yanka a kan kuskure..."

"Na san abin da na ce," Baba ya katse shi. Ya jawo kujera, ya gyara tabarau. "Injiniya, mayar da hoton. Sannan ki buɗe mini su ɗaya-ɗaya."

Na mayar, na hana manhajar jera kaya da kanta, na buɗe na farko. Baba ya karanta a hankali.

"Kafaɗa sha tara, ciki hamsin da biyu, hannu gajere. Mai gidan burodi ne. Kai shi cibiyar Kawunki."

Na ja fayil ɗin da linzami, wanda Baba ke kira ɓera, na ajiye. Na buɗe na biyu.

"Wuya sha huɗu, wando arba'in da huɗu. Malamin lissafi. Kan Yayanki, shi ma haka yake kamar sandar mofa."

"Haba Baba!" in ji Yaya.

Haka muka yi ta yi. Kafinta, mai gyaran agogo, tagwayen mai kanti waɗanda rabin inci ya raba su. Ni da nake ganin lambobi kawai, shi mutane yake gani suna shigowa shago ɗaya bayan ɗaya. A na talatin da bakwai ya buga tebur.

"Ga Direba! Kafaɗa ɗaya ta sauka da rabin inci. Shekara ashirin yana jingine da ƙofar mota."

Yaya ya naɗe hannu. "To wa zai tabbatar? Ai duk abin da ka faɗa sai mu yarda."

Baba ya ce in buɗe na gaba. Muka ci gaba, har muka kai na hamsin da wani abu, sai ya dubi Yaya ya yi murmushi. "Wannan kai ne. Ciki talatin da huɗu. Amma na bara ne, yanzu ka ƙara inci biyu, matarka ta iya girki." Ya zare tef ɗin awo daga wuyansa. "Ɗaga hannu."

Yaya ya ɗaga, yana shan iska yana matse ciki. Baba ya ce ya saki, ba a yi wa tela wayo. Talatin da shida cif. Na yi dariya har na buge kofin allurai ya zube, Yaya ma da kansa sai da ya dara.

Azahar ta gota kafin mu kai na ƙarshe. Tumbin Kawu ya sake cika, goshina ma haka. Na buɗe fayil ɗin da ya rage, ina jiran in ji wa za a tsokana. Lambobin ƙanana ne, kafaɗa sha huɗu, kuma akwai tsawon siket. Baba ya karanta sau ɗaya. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Na Mamanku ne," ya ce. "Na ƙarshen da na auna ta. Ta rame a lokacin, ta ce kada in faɗa muku lambar."

Na tambaye shi a hankali ko in ɗora a kan hotonta. Ya girgiza kai, ya karɓi ɓeran da kansa. Ya ja fayil ɗin ya wuce Gwaggo, ya wuce Kawu, ya ajiye shi a kan aljihun rigarsa.

"Nan yake zama."

Yaya ya juya baya, wai yana duba zare a kan kanta. Da ya juyo bai ambaci makulli ba. Farin yadin Direba ya ɗauko ya shimfiɗa a tebur, ya riƙe gefe ɗaya, ya miƙa wa Baba alli da almakashi.

Baba ya karɓa, sannan ya nuna allon da bakin almakashin. "Injiniya, wannan sabuwar taki ba laifi, tana da sauri. Amma kin tabbata kin hana ta taɓa wurin kowa?"

"Na hana ta, Baba."

"Sake dubawa."

Na sake dubawa.