Ƙwaryar Mairo da Iskar Zara

Wuta ta ɗauke daidai lokacin da Malama Justina ta haska hoton tauraruwa Zara a bango. A bayan aji kuwa Alhaji Lawwali, sufeton ilimi, ya riga ya cire murfin biro. Yau zai yanke hukunci: a bar ajin kimiyya a wannan makarantar 'yan mata ta Wurno, ko a rufe shi a tura Justina garin Rabah.

"Malama, ba hoto nika so ba," in ji shi. "Kin ce tauraruwag ga sai ta yi wata takwas kahin ta juya sau guda, amma kwana huɗu iska ka kewaye ta. To mi ka koran iskar? Ɗiyanki su gaya min."

Sau biyu Justina ta koya musu wannan daga littafi, ashe ta bayan kunne ya bi. Can ta taga ta hango Mairo mai abinci tsugune gindin darbejiya tana rege shinkafa a ƙwarya.

"Inna Mairo! Don Allah taho da ƙwaryar nan!"

Mairo ta shigo tana mita, wai ruwanta ya tafasa. Justina ta roƙe ta ta ci gaba da aikinta kawai. Da ƙyar ake ganin motsin ƙwaryar, ɗan karkatawa ne kaɗan-kaɗan ba fashi, amma ruwan ciki sai zagaye yake a guje.

Ruƙayyatu, wadda tun farkon zango ba a ji muryarta ba, ta miƙe zumbur.

"Malama, na gane! Ƙwarya ita ta tauraruwa, ruwan shi na iska. Rana kau kamar hannun Inna take. Ta gasa gehe guda iska ta kumbura, ta matsa ta gasa na gaba. Turin ga kaɗan-kaɗan shi ka taruwa."

Daɗi ya kama Justina har idonta ya kawo ruwa.

Alhaji Lawwali ya taso ya karɓi ƙwaryar, wai sai ya gwada da kansa. Juyi ɗaya ya sheƙa wa babbar rigarsa ruwan shinkafa. 'Yan mata suka tuntsire da dariya, shi ma ya bi su. Da jiƙaƙƙen hannu ya rubuta cewa a bar ajin kimiyya.

Mairo ta ƙwace ƙwaryarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"To Malama, gobe ƙarhe nawa za ni zo aji?"