Bakwai Marar Ɗamara

Ga ta nan tafe gare ku. Ku ce ta shigo, sannan ku gyara zama.

"Yau nawa ga wata?" in ji Sake-Duba, ko ido ba ta buɗe ba.

Tela ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke jikin bango. "Sha huɗu, Yaya."

"Saura uku. In mutuwa ta yi sallama, ki ba ta kujera ta jira."

Tela ta gyara mata matashi, ta jiƙa mata leɓe da auduga. Shekara ashirin katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, har ta kai in ɗaya ta yi atishawa ɗayar ce ke mata sannu. Ita Tela ɗinki take yi. Maƙwabciyarta kuwa a da ita ce shugabar ɗakin gwaje-gwaje a wani babban asibiti, inda ake auna jini da fitsari. Sunan nan ma bakinta ya jawo mata. Ko tsawon hannun riga Tela ta auna mata, sai ta ce, "Sake duba." Haka ya bi ta, har yaran layi ba su san wani suna ba.

To, ku ji abin da ya sa take ƙirga kwanaki. Tana cikin mutum biyar da suka kafa ƙungiyar shugabannin ɗakunan gwaje-gwaje, kuma a kan teburin yankan Tela ta rubuta dokokinta, tana ture almakashi gefe. Shekara goma sha biyu da suka wuce, aka ɗauki jinin da aka tanadar wa gado na sha bakwai aka ƙara wa mai jegon da ke gado na sha ɗaya. Kafin la'asar matar ta cika. Aka nemi 'yar takardar da ke maƙale da ledar jinin, mai ɗauke da lambar gado, sama ko ƙasa aka rasa. Sai mataimakin Sake-Duba, wanda ita ta koya wa riƙe kwalba, ya miƙe gaban kwamiti ya rantse cewa da hannunta ta rubuta. Asibiti ya sallame ta. Ƙungiyar da ta haifa ta soke sunanta. Shi kuwa ya haye kujerarta, yau ma shi ne shugaban ƙungiyar. Ɗan Sauri take ce masa, don tun yana sabon shiga ba ya iya gama abu a zaune.

Bara da aka kawar da tsohon firjin jini, wata mai shara ta tsinci takardar a bayansa, ta yi ja, ta ƙanƙance. Ta naɗe ta a bakin zani ta kawo har gida. Ran nan Tela har ta sa takalmi.

"Ba ni ita in je in manna masa a goshi."

"Zauna. Cewa zai yi rubutuna ne."

"Ke da bakwai ɗinki ke ɗaure da ɗamara kullum?"

Gaskiya ne, Sake-Duba ba ta taɓa rubuta bakwai ba tare da ta ja masa layi a tsakiya ba. Na takardar nan kuwa sanda ne tsaye da ɗan kai kamar na tsutsa, kowa ya gani ɗaya zai ce.

"A aikinmu," in ji Sake-Duba, "ba a yarda da sakamako shi kaɗai. Sai an ajiye wanda aka tabbatar kusa da shi, a gwada. Nasa nake so, sabo, da shaida."

Matsalar ita ce tun ran da mai jegon ta rasu, Ɗan Sauri bai ƙara rubuta lamba da hannu ba. Komai sai a buga masa a na'ura. Don haka da ciwo ya kwantar da ita, ta aika masa wasiƙa mai laushi: tana roƙon a mai da ita ƙungiya kafin ta bar duniya, ya zo da kansa ran sha bakwai ga watan bakwai.

Kwana ukun nan Tela ba ta taɓa kekenta ba. Likita ya zo ran sha biyar, ya fita yana girgiza kai. Ran sha shida numfashin ya riƙa tafiya yana dawowa. Tela ta riƙe hannunta tana magana cikin haƙora. "Wallahi in kika tafi kika bar mini mutumin nan yana yawo da farin takalmi, ba zan yafe miki ba."

"Ji masifa," in ji Sake-Duba, bakinta ya ɗan motsa. "Ana jinyata ana yi mini barazana."

Ran sha bakwai da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo da ledar lemo, turarensa ya riga shi cika ɗakin.

"Mama, ashe jikin ya yi tsanani haka?"

"Ka yi ƙiba, Ɗan Sauri. Kujera ta karɓe ka."

Ya yi dariya, ya zauna a gefen kujerar roba kamar mai shirin tashi. Ta nuna wa Tela ƙarƙashin matashi. Tela ta zaro takardar shiga ƙungiya, irin ta farko wadda ita Sake-Duba ta tsara, an cike komai sai wurin sa hannun shugaba da kwanan wata.

"Ai wannan tsohon yayi ne, Mama. Bari in tafi da ita, a buga sabuwa, gobe a kawo miki."

"Dube ni da kyau. Ka ga alamar gobe a jikina?"

Ya dube ta, ya kau da kai, ya duba agogo. Tela ta miƙa masa biro, tana ji kamar ta soka masa a tafin hannu. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya sa hannu, ya zarce ya watsa kwanan wata, duk a numfashi ɗaya.

Da ya miƙe sai ya ɗan russuna. "Duk abin da ya wuce dai, Mama, a yafe."

"Me ya wuce?"

Ya sake dariyar, wannan karon gajeruwa. Ya ce yana da zama, ya fita.

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba Sake-Duba ta ce, "Karanta mini."

Tela ta kai takardar bakin taga. Sanduna uku ne a jere, biyu da ɗan kai kamar na tsutsa. "Sha ɗaya ga watan ɗaya."

"Sake duba."

"Na sake. Haka yake."

Dariya ta ƙwace wa Sake-Duba har ta koma tari, hawaye na gangara cikin kunnenta. Da ta lafa ta ce, "Lemon nan ki ba awaki."

Washegari da safe ta sa aka jawo keken ɗinkin zuwa ɗakinta. Ta ce a ɗinke takardun biyu a kan farin ƙyalle, kafaɗa da kafaɗa, yadda ba mai raba su sai ya yaga. Tela ta sa zare mafi ƙarfi, ta bi kowane gefe sau biyu, a hankali don kada tsohuwar takardar ta fashe. Da ta ɗauke ƙafa daga keken, ɗakin ya yi tsit, ba numfashin kowa sai nata. Ta jima a zaune kafin ta yanke zaren.

Akwai wata doka a ƙungiyar, ita ma a teburin yankan aka rubuta ta: in ɗan ƙungiya ya rasu, na kusa da shi yana da minti biyu a babban taro. Bayan wata ɗaya Tela ta shiga zauren, kujerun roba jere, fanka na juyawa, Ɗan Sauri a babban tebur. Shi da bakinsa ya kira sunan marigayiya, ya ce uwa ce gare shi.

Tela ba ta ci ko rabin minti ba. Ta miƙa ƙyallen ga wata dattijuwa a layin gaba, wadda ta zauna a kwamitin can na da.

"Takardar hagu daga bayan firjin jini ta fito. Ta dama a gabana shugaba ya sa mata kwanan wata, ran sha bakwai ga watan bakwai. Ta ce ku sake dubawa."

Mutane ne da suka tsufa suna karanta lamba a jikin kwalba, ba su buƙaci bayani ba. Dattijuwar ta sa tabarau, ta duba hagu, ta duba dama, ta miƙa wa na kusa da ita. Ƙyallen ya bi layi layi, duk wanda ya gama sai ya ɗago ya dubi babban tebur. Ɗan Sauri ya miƙa hannu a ba shi, ba wanda ya ba shi. Sai ya mai da hannun ƙarƙashin tebur. Tela ta tsaya tana kallonsa har ƙyallen ya kai kujerar ƙarshe, ba ta ko ƙifta ido ba.

Shi dai an sauke shi a zaman nan, a asibitin ma bai kai ƙarshen shekara a kujerarsa ba, kuma an ce dangin mai jegon suna nemansa a kotu. Dattijuwar ta mai da sunan Sake-Duba a shafin farko na littafin ƙungiya da hannunta. Mai sharar tana nan tana shararta. Tela kuwa ta mai da kekenta gida. Har yau in ta auna kafaɗar mutum, sai ta rubuta a littafin awo, ta ja wa bakwai ɗamara, sannan ta sake ɗora tef ɗin.