Yatsu Arba'in da Biyu

Dalyop mutum ne mai ji da kansa wajen gano ƙarya. Shekara shida yana zama a kwamitin wata ƙungiyar agaji a Manchester, wadda ke ba ƙauyukan tsibirai tallafi don kare gaɓar teku. Shi kaɗai ne ɗan Afirka a cikinsu, saboda haka duk takardar da ta ɗaure musu kai sai a turo masa, shi kuwa kansa ya yi ta kumbura.

Wata Asabar ya baje takardu a teburin cin abinci na gidansu da ke unguwar Levenshulme. A ciki akwai roƙon matan wani ƙauye a wani ƙaramin tsibiri na tekun Indiya. So suke su dasa bishiyoyin nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, su tare igiyar teku kafin ta kai ga rijiyarsu, wadda ita kaɗai gare su ta ruwan sha. A shafin ƙarshe akwai sunaye arba'in da biyu, duk rubutun hannu ɗaya, gefen kowane suna dangwalen yatsa da shuɗiyar tawada.

Dalyop ya tuntsire da dariya, ya kira matarsa. "Justina, zo ki ga aikin gida. Haka ake yi mana lokacin election, mutum ɗaya ya zauna gindin mangwaro ya yi ta dangwale. Dubi number seventeen, har sau biyu ya dangwala don zumuɗi." Ya zagaye wurin da jan biro.

Justina ta leƙa. "Baban Zoe, ka dai duba da kyau. Mama ma ai da yatsa take signing."

"Ta Mama daban. Ki bar ni, na san mutanenmu."

Mutanen da bai taɓa taka ƙasarsu ba ke nan yake kira nasa. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, shi kuwa an sare shi a gida ba sau ɗaya ba.

Ranar zaman kwamiti ya ba da labarin gindin mangwaro har da kwaikwayo, aka yi ta dariya. Shugabar ta tambaya ko a kira lambar wayar da ke ƙasan takardar. Dalyop ya ce ɓata lokaci ne. Da hannunsa ya rubuta dalilin ƙi: an kasa tantance sa hannun.

Bayan shekara uku aka yi taro a wata jami'a da ke Edgbaston kan tsibiran da teku ke ci. Dalyop ya hau jirgin ƙasa ya je, ya zauna a layin gaba. Cikin masu jawabi akwai wata malamar firamare mai suna Hana. Ta nuna hoton rijiyar ƙauyensu, teku ta kewaye bakinta. Ta ce ruwan ya zama gishiri, yanzu mata sai sun tuƙa kwalekwale zuwa wani tsibiri su ɗebo. Daga nan ta sa wani shafi mai dangwalen yatsu a allo, nan take Dalyop ya gane shi.

Hana ta ce ita ta rubuta sunayen, don babu wadda ta taɓa shiga aji a cikin matan. Kwana tara tana zagawa da gwangwanin tawada, gida-gida da wurin shanya kifi. Ta nuna lamba ta goma sha bakwai, ta ce tsohuwar ƙauyen ce, ta dage sai ta dangwala sau biyu, don gyaran raga ya cinye mata zanen yatsa, tana tsoron kada na farko ya ƙi fitowa.

"Da takardar ƙi ta zo," in ji Hana, "na karanta musu. Tsohuwar ta ce nata ne bai fito ba, ita ta ja musu. Har ta rasu bara ban iya raba ta da wannan zancen ba."

Da aka tashi Hana ta zo ta riƙe hannunsa, ta ce ta ji daɗin ganin ɗan'uwa a layin gaba. Kunya ta rufe shi. Ya buɗe baki zai faɗa mata, abin da ya fito kawai shi ne Allah ya jiƙan tsohuwar.

Da la'asar ya isa gida, ya tarar da Justina tana ninke kaya.

"Sannu da hanya. Yaya conference ɗin?"

Ya zauna bai ko cire kwat ba. Ya daɗe yana kallon teburin nan.

"Justina," ya ce, "akwai phone number a ƙasan takardar nan mai dangwalen yatsu. Kira ɗaya ne kawai, ni na hana a yi."