Rufin Ɗakin Bakwaini

Tun kafin damina ta ɗauke Ummusalma take fama da rufin nan a kwamfuta. Ita ce ƙaramar mai zanen gini a ofishin Oga Oladele da ke Laranto a Jos, kuma ita aka bai wa ɗakin jarirai na wani ƙaramin asibitin haihuwa da ake ginawa a bayan Naraguta. Abokan aikinta in sun tayar da bango a zane, sun kifa jan kwano, sun dasa itatuwa da mota a gaban hoton, to sun gama. Ita kuwa sai da ta jera kowace rafta a manhajar zane, ta ba su tazara daidai da faɗin audugar rufi, mai kaurin nan da ake cusawa tsakanin katako don ta riƙe ɗumi. Sannan ta sa manhajar ta gwada ɗakin da sanyin Disamba. Ba auduga, ɗakin ya yi shuɗi a allo kamar cikin firji. Da auduga, ya koma ruwan lemo.

Bakwaini za a kwantar a ɗakin. Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. In ta ɗauke, ɗumin da rufi ya riƙe shi kaɗai ne tsakanin jariri da sanyin Jos.

Ranar da ta je duba aiki, tun daga titi ta jiyo guduma. Tana shiga ta ɗaga kai. An rufe rabin silin, sauran rabin kuma raftocin sun yi nesa da juna kamar haƙoran tsoho.

"A'a, Injiniya da kanta!" in ji Malam Gwadabe kafinta daga kan tsani. "Yau kwamfutar ta ba ki hutu?"

"Sannu da aiki, Baba. Wannan tazarar fa? Ba haka na zana ba."

"Faɗin silin na bi, 'yata. Tun ana haƙar kuza a garin nan haka ubana yake jera rafta, rufinsa ko ɗaya bai faɗi ba."

"To audugar fa?"

"Mun gwada, zubowa take yi, ba abin da zai riƙe ta. Ga ƙaiƙayin tsiya." Ya nuna lungu da guduma. "Maigadi ya jera wasu cikin ledarsu ya yi katifa. Ya ce bai taɓa barci mai ɗumi irin wannan ba. Kin ga ba a yi asara ba."

Leburori suka kwashe da dariya.

"Ke ma dai, Injiniya," ya ci gaba, "wannan ai kayan mutanen Sakkwato ne, masu zafi. Nan Jos ce fa. Wane zafin za mu tare?"

Ta yi masa bayani. Abin da ke hana zafi shiga, shi ke hana ɗumi fita. A cire silin, a ƙara katako tsakanin raftocin, audugar ta zauna. Ba wani dogon aiki ba ne.

"Mu da aka haifa a ɗakin kwano, ga mu nan da furfura. Rai na Allah ne."

"Waɗanda ba su kai furfurar ba fa, Baba, wa ya ji ta bakinsu?"

Ya sa ƙusa a baki. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mugu ne da an san da wa ake faɗa. "Oga ya ce a rufe kafin Asabar, 'yan kwamitin asibiti za su zo," ya ce. "Je ki ku yi magana."

A ofis Oga Oladele ya saurare ta yana shan shayi. Ya ce ya ji, ya kuma ce ba za a cire komai ba. Ta koma teburinta ta buɗe zanen, ta fara goge audugar, ko ba komai kwamfuta ta faɗi abin da ke sama. Sai ga Oga a kanta.

"Ummu, mayar da ita. Wannan hoton mai ruwan lemo za mu nuna ranar Asabar."

"Oga, ƙarya ce fa."

"Zane ne. Zane ba ya ƙarya, abin da muka yi niyya yake nunawa. Wa zai hau cikin silin, shugaban kwamiti da tumbinsa?"

Ta mayar.

Ranar Asabar aka haska hoton a bangon ɗakin da kansa. 'Yan kwamiti, kowa cikin rigar sanyi, suka yi ta tafi. Ummusalma ta miƙe.

"Ranku ya daɗe, audugar nan da kuke gani ba ta sama. Babu komai tsakanin kwano da silin."

Shugaban kwamiti ya dubi farin silin, sumul, ba ko tsaga. Ya dubi Oga Oladele, wanda ya yi murmushi.

"Madalla da yara masu kishi," in ji shugaban. "Za a duba, in sha Allahu." Ya waiga. "Ina aka ce an ajiye abincin?"

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Oga bai ko kalle ta ba. Wata ungozoma ce kawai ta rage, dattijuwa, tana jan gadon jariri da ƙafarsa ɗaya ke ƙara.

"'Yata, tunda ke kika san ɗakin, ina zan ajiye wannan? Ranar Litinin za a kawo mana na farko."

Ummusalma ta duba taga, ta duba ƙofa, ta ɗaga kai sama. Ta daɗe tana neman wurin da ya fi. Daga baya ta kama ɗaya gefen gadon, suka tura shi tsakiyar ɗaki.