Ranar da Inna Hure Ta Yi Ƙiba

Tun da Kawu Hashimu ya shigo ya janyo ƙofa a bayansa, Mudassir ya san ba bidiyon biki ne ya kawo shi ba. A ɗan shagon nan na bakin kasuwar Zakirai, bidiyon aure da na suna yake haɗa wa mutane a kwamfuta, kuma masu biki ba sa rufe ƙofa.

Wayoyi biyu kawun ya dire a kan tebur, sabuwa fil da wata tsohuwa da aka ɗaure da kyauron roba.

"Buwai ya ci mini iyaka," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Gambar da ke tsakanin gonata da tasa ya tumɓuke, ya matso da ita wajen tsamiyata. Ga hoton da, ga na yanzu, duk daga kan suri ɗaya aka ɗauka. Haɗa mini su, jibi muna gaban mai unguwa."

Mudassir ya zuba su a kwamfuta. Na sabuwar wayar ya cika allo, tar da shi, har ganyen wake kana gani. Na tsohuwar kuwa ya maƙale a tsakiya, ɗan tsurut, dishi-dishi, baƙi ya saka shi a tsakiya dama da hagu. A ciki ga tsamiya, ga layin gamba, ga Inna Hure matar kawun tana wucewa da ƙwaryar fura a ka.

"Wannan baƙin fa?"

"Girmansu ne ba ɗaya ba, Kawu. Tsohuwar waya ƙaramin hoto take ɗauka."

"Ja shi ya cika. Ba na son a ce na ɓoye wani abu a gefe."

Mudassir ya ja shi. Nan take gonar ta buɗe, tazarar tsamiya da gamba ta yi faɗi. Da ya jera shi da na yanzu, ko makaho ya shafa ya san an ci kunyoyi. Ran Mudassir ya ɓaci. Baba Buwai, dattijon da in an taso daga coci yake biyowa ya ajiye masa gyaɗa, ashe haka yake?

Kawun ya yi murmushi, ya soka wayoyinsa a aljihu. Har ya kai ƙofa ya juyo. "Kada ka nuna wa innarka."

Maganar nan ita ta tsaya wa Mudassir a rai. Me ya haɗa Inna Hure da rigimar iyaka? Kuma yaushe Kawu, wanda ko lamba sai an danna masa, ya san ana jan hoto ya cika allo? Ya sake kunnawa, idonsa a kan gamba, bai ga komai ba. Ya rufe.

Ranar zama, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Buwai ya rantse ko saiwa ɗaya bai taɓa ba, gambar nan tun mahaifinsa tana wurin. Aka ce Mudassir ya kunna. Kawuna suka haɗu a kan kwamfuta. Mai unguwa ya kaɗa kai.

"Buwai, ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Da alama sai ka mayar da kunyoyin nan."

Buwai ya muskuta. Ya matso, ya ƙanƙance ido, ya ɗora yatsa a allon.

"Ranka ya daɗe, wace ce wannan mai furar?"

"Iyalina ce," in ji Hashimu da sauri.

"Hure? Huren da in iska ta taso sai an riƙe ta? Hashimu, wace shekara ka ciyar da ita har ta zama randa?"

Dariya ta ɓarke. Mudassir bai yi ba, don sai yanzu ya dube ta. Gajeriya, dirƙeƙiya, ƙwaryar kanta ta baje kamar faifai. Ya tuna wata amarya da ta zo shagonsa bara tana masifa, wai ya ja hotonta ya mayar da ita buhun gero. Ranar Kawu yana zaune a kan benci, yana dariya har da hawaye, yana tambayar yadda aka yi.

Kawun ya harare shi, ya ɗan girgiza kai. Ɗan'uwan mahaifiyarsa ne, shi ya saya masa kwamfutar ma. Duk da haka Mudassir ya danna, ya mayar da hoton ainihin girmansa.

Hoton ya tsuke, baƙi ya dawo gefe da gefe. Inna Hure ta koma siririyarta. Gamba ta matso kusa da tsamiya, daidai inda take a hoton yanzu.

"Sharrin na'ura ne!" in ji Hashimu. "Ni me na sani a ciki? Yaron nan ne ya yi aikinsa."

Mai unguwa ya daɗe yana kallon Mudassir. "Kai ka ja shi, ko sa ka aka yi?"

"Ni na ja, ranka ya daɗe." Bai ƙara ba, bai kuma dubi kawunsa ba.

"Gamba ta zauna inda take," in ji mai unguwa.

Buwai ya miƙe yana kaɗe riga. "Hashimu, ka gaishe mini da Hure. Ka ce ina yi mata jajen ramar da ta yi yanzu-yanzu."

Kawu ya hau babur ɗinsa shi kaɗai, duk da tare suka zo. Mudassir ya rungumi kwamfutar, ya kama hanyar kasuwa a ƙafa.