Sai Ran da Aka Yaye Lucy

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, auren Angelina da Rufus, ma'aikacin reluwe a Kafanchan, ya mutu. Alƙali bai ja magana ba. Ya ce ɗiya ta uba ce, amma ɗiyarsu Lucy za ta zauna wurin uwarta sai ran da aka yaye ta.

To, malamin cocin da ya karanta wa Angelina takardar kotu ya ce ba ta da wata ƙofa sai wannan. Shi ke nan, ta ƙi yaye. Lucy ta cika shekara uku, ta shiga ta huɗu, nono ya ƙafe tuntuni, amma ana nan ana ba ta. Ko aikin da aka samo wa Angelina a Jos ba ta karɓa ba, kada a ce ta daina shayarwa.

Duk ranar kasuwa Bernice, yayar Rufus, takan zo daga Kagoma ta duba.

"Matarmu, jaririyar taki ba ta ƙoshi ba har yanzu? Ga haƙora cike da baki."

"Tana sha, Yaya. Zo, Lucy."

Ran nan Lucy ta zo da gasasshiyar doya a hannu. Ta hau cinya, ta kama, ta saki.

"Mama, ba komai a ciki. Ni na girma."

Bernice ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Ni ban ji ba," in ji ta. "Amma kasuwa mai zuwa Rufus zai zo da kansa."

Angelina ta jawo yarinyar, ta fara tsefe mata kitso a hankali.