Ƙarfen da ke Cikin Teburin Sinyora Nives

"Kar ku ja shi! Ɗaga shi ake yi!"

Muryar Sinyora Nives ce daga ɗakin kwana, a dishe. Ma'aikatan asibiti biyun da suka kawo gadon jinya suka saki teburin, suka dubi Amedeo, maƙwabcinta da ya buɗe musu ƙofa. Teburin cin abinci ne dogo, na siririn katako mai duhu, ya cinye rabin falon ya tare musu hanya.

"Baba, ka faɗa mata tebur ne fa kawai," in ji ɗayansu.

"Shiga ka faɗa mata da bakinka," Amedeo ya ce, ya kama gefe guda.

Da safen nan likita ya sallamo ta, don babu sauran abin da za a yi wa huhunta. Shekarunta tamanin da takwas. Duk kafintocin garin Cantù sun san ita ta zana teburin nan a 1958, lokacin da ba a sauraron mace a masana'anta. Mujallu sun buga hotonsa, an yi ta mamakin yadda katako marar kauri ya miƙe haka ba ƙafa a tsakiya. Na kasuwa gajeru aka yi. Wannan kaɗai ke da tsawon da ta zana, kuma Amedeo ne ya haɗa shi da hannunsa. Ba a taɓa buga sunansa ko'ina ba.

Kullum da rana yakan tsallako titi da tuwon masara da ɗan cuku, ta ci cokali biyu ta ture. Graziella, 'yar ƙanenta, sai ƙarshen mako take zuwa daga Milano.

Ranar Alhamis ko kallon kwanon ba ta yi ba.

"Zauna, Amedeo. Akwai ƙarfe a cikin teburina."

"Wane irin ƙarfe kuma, Sinyora?"

"Kar ka raina mini hankali. Ka fafe katakon ta ƙasa, ka cusa shi, ka rufe. A zanena babu shi. Tun ranar da aka shigo da shi na ji nauyinsa."

Amedeo ya dubi hannuwansa. Shekara hamsin da uku yana zaton shi kaɗai ya sani. Ko matarsa har ta rasu bai faɗa mata ba.

"Da ya lanƙwashe," ya ce. "Tsawon nan, ga ƙafafu kamar na sauro."

"Haka kake zato. Ni kuwa an yi ta yabo na, ban san ko nawa ne yabon ba. Cire shi."

"Idan ya karye fa?"

"Sai ya karye ina da rai."

Ya koma gida ya ɗauko kurfi da guduma. Shiga ƙarƙashin teburin ma aiki ne, gwiwoyinsa sai ƙara suke. Ya kwanta rigingine, ya ɓanɓare siririn katakon da ya liƙa tun yana saurayi, ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen ya fito da tsatsa, ya zubo masa gari a ido. Teburin ya yi wata 'yar ƙara, ya yi shiru.

Ya rarrafo waje, ya kai idonsa daidai gefen katakon.

"Ya tsaya?" ta tambaya daga ciki.

"Ya tsaya."

"Amedeo."

Ya je bakin ƙofa da ƙarfen a hannu. Ta ƙanƙance a cikin bargo, idanun ne kawai ba su tsufa ba.

"Ya sauka a tsakiya," ya ce. "Kaurin yatsa."

"Yatsanka ko nawa?"

"Naki."

Ta fara dariya, tari ya sarƙe ta, sai da ya tallafo kanta ya ba ta ruwa. Ta daɗe tana maida numfashi.

"In mayar?"

"A'a. Bar shi yadda na zana shi."

Ya ɗan tsaya ko akwai saura. Ta juya fuska bango ta ce ya ja mata labule.

Ranar Asabar da hantsi, yana dawowa daga sayen burodi, ya hango Graziella tsaye a ƙofar gidan ba takalmi. Bai tambaye ta komai ba. Ya cire hula.

Mutane kaɗan suka zo coci jana'izar Sinyora Nives, yawancinsu tsofaffin kafintoci masu guntayen yatsu. Bayan mako biyu wani dillalin tsofaffin kayan ɗaki ya zo daga Milano, ya shafa saman teburin, ya yamutsa fuska. Graziella ta tsallako ta ƙwanƙwasa wa Amedeo.

"Baba Amedeo, wai ya lotsa a tsakiya. Za ka iya gyarawa?"

Ƙarfen na jingine bayan ƙofarsa, kusa da ƙafarsa.

"Ba lalacewa ya yi ba, 'yata. Haka yake."

Dillalin dai ya ɗauka. Suka naɗe shi da tsofaffin barguna, mutum huɗu suka fitar da shi ta taga, ana yayyafi. Graziella ta bar wa Amedeo mabuɗi ya rufe gidan.

Ya shiga falon. Wurin ya yi faɗi, takunsa har amsawa yake. A daɓen akwai tabo huɗu na ƙafafun teburin, kowanne bai fi bakin kofi ba, sun fi sauran wurin haske. Ya kewaye su ya je ya rufe tagar.